Windows 10 ya daina samun gyara: a sauya ko a zauna?

 Ina gaida masu saurarenmu na Dakoro da Kornaka da Sabon Machi da Birni Lalle da Azagor, har da ƴan'uwa makiyaya da ke kama mu daga wajejen Bermo. 

Yau a kan kwamfuta za mu zanta. Kar wani ya kai hannu zai murɗa akwatinsa yana cewa ni da ba ni da ita, ina ruwana. Baba, da ruwanka. Sunan ɗanka da zai zauna jarrabawar BEPC a kwamfuta aka buga shi. Kuɗin da ƙanenka ya aiko daga Agadas ko daga Legas, yaron da ke bayan kanta sai ya duba kwamfuta kafin ya ƙirga maka. Jerin sunayen waɗanda za a raba wa abincin dabbobi, lissafin ƙungiyar mata, takardar neman aikin da ɗiyarka ta kai siba aka buga mata, duk suna kwance cikin wata na'ura a wani ofis ko wani shago. Ranar da na'urar ta samu matsala, kai ma ka samu.

Masu shagunan buga takardu da malaman makaranta da sakatarori suna ta tambaya ɗaya. Wani saƙo yana fito musu a allo, wai zamanin Windows 10 ya ƙare, a koma Windows 11. To a koma, ko a yi zama?

Windows dai shi ne babbar manhajar da ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta. Shi ke riƙe da allo da madannai da firinta, su Word da Excel kuwa a kansa suke zaune. Kamfanin Microsoft na Amurka ne ke yin sa. Ya fitar da Windows 10 ranar 29 ga Yuli 2015, ya yi shekara 10 yana kula da shi. Kowane wata, ranar Talata ta biyu, yakan aiko da gyare-gyare ta intanet don toshe kafofin da ɓarayi suka gano. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ya rufe wannan ƙofa. Office 2016 da Office 2019 ma a wannan ranar aka daina kula da su.

Ku lura da kyau, ba a kashe wa kowa na'ura ba. Gobe ka kunna za ta tashi, ka buga takarda za ta fito, takardunka suna nan yadda ka bar su. Duk wanda ya zo ya ce maka kwamfutarka za ta mutu a wata mai zuwa don haka kawo kuɗi, ka riƙe aljihunka. Abin ya yi kama da ɗakin ƙasa wanda magini ya saba zuwa yana yi masa yaɓe kafin kowace damina, sai ya aiko ya ce daga bana ba zai ƙara zuwa ba. Ɗakin ba zai faɗi ranar da aka kawo saƙon ba. Daminar farko ma wataƙila ba ka ga komai ba. Amma kowace tsaga da ta buɗe, haka za ta zauna a buɗe, ruwa kuma ba ya ɓata hanya.

An taɓa ganin abin da buɗaɗɗiyar kafa ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama na'urori sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Tana shiga sai ta kulle takardun mutum, ta rubuta masa a allo ya biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya dubbai, a Faransa masana'antun motocin Renault sun tsai da aiki. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya aiko da gyaran kafar da cutar ta bi. Akasarin waɗanda abin ya ci ba su saka gyaran ba ne. Su gyara ya zo, suka yi sakaci. Mai Windows 10 a yau, idan bai shiga wani shiri na musamman ba, gyaran ma ba zai zo ba.

Sai kuma guduwar sauran manhajoji, wadda ke zuwa sannu a hankali. Masu Windows 7 sun san wannan. An daina kula da shi ranar 14 ga Janairu 2020, a farkon 2023 kuma Chrome, manhajar shiga intanet, ya daina sabunta kansa a kansa. Daga nan sai ka buɗe wani shafi ya ƙi buɗewa, ka je cike takardar gasar ɗaukar ma'aikata wurin loda hoto ya ƙi motsi, ka rasa dalili. Windows 10 bai kai nan ba tukuna, amma hanyar da ya kama ke nan.

Ni a ganina tambayar ba ta sabo da tsoho ba ce. Tambayar ita ce: wannan na'urar, wane aiki take yi, kuma amanar wa ke cikinta? Kwamfutar da ke hawa intanet kullum, ana aika kuɗin jama'a da ita, ko ana buɗe imel ɗin ofis, ko tana ɗauke da sunayen marasa lafiya da albashin ma'aikata, ba ta da uzurin zama a kan Windows ɗin da ba a gyarawa. Wannan dole a yi mata dabara, kuma ba a daɗe ba. Wadda ke kusurwar shago ba ta taɓa ganin intanet ba, aikinta buga takarda da katin biki, ita maganarta daban ce, zan zo kanta.

Kafin komai sai a san ko na'urar za ta iya ɗaukar sabon. Mai biro ya ɗauko. Danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R. Ɗan akwati zai fito, ka rubuta winver, wato w, i, n, v, e, r, ka danna Entrée. Nan za ka ga wane Windows ke gare ka. Daga nan ka je kan Ce PC, ka danna gefen dama na linzami, ka zaɓi Propriétés. Za ka ga sunan ƙwaƙwalwar na'urar da yawan RAM ɗinta.

Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, yana neman RAM aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Giga 4 ɗin nan na tashi ne kawai, mai son aiki ba tare da jira ba ya nemi 8. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwaƙwalwa. A na kamfanin Intel, daga zuriya ta takwas zuwa sama ake karɓa, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017. A na AMD kuwa daga Ryzen 2000. Ga yadda ake ganewa. Idan ka ga an rubuta Core i5-6200U, dubi lambar farko bayan ɗan layin: 6, zuriya ta shida ke nan, ba ta shiga ba. Idan ka ga i5-8250U, ta takwas ce, ta shiga. Wadda ta fara da 10 ko 11 ko 12 ta fi sabunta. Mai lamba uku kacal, kamar i5-520M, tsohuwa ce tukuf. Kar tambarin i7 da aka manna a jikin na'ura ya ruɗe ka, akwai i7 da ya girmi yaron da ke aji shida. Akwai kuma ƴar manhaja ta kyauta daga Microsoft, PC Health Check, da ke dubawa ta faɗa maka. Idan ta ce TPM ne babu alhali ƙwaƙwalwar sabuwa ce, sau da yawa kashe shi aka yi a cikin BIOS, mai gyara zai kunna maka cikin ƴan mintoci.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne. HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama ci, aka loda su a kwantena, suka sauka a gabar teku, suka biyo ta Kano ko Yamai suka iso Maradi. Da yawa cikinsu ba za su tsallake wannan sharaɗi ba, ga su kuma lafiya lau suna aiki. Wannan abu yana mini ciwo. A wurin da mutum zai sayar da tumaki kafin ya sayi kwamfuta, a ce na'ura mai lafiya ta tsufa saboda wata lamba, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ku sa ido: yanzu da manyan ofisoshin can ke zubar da na'urorin da ba sa ɗaukar Windows 11, ina kyautata zaton kasuwanninmu ne za su cika da su, fes-fes, da araha mai jan hankali.

Don haka ƙanena, idan ka tara kuɗinka ka hau mota zuwa Maradi sayen kwamfuta, kar ka tsaya ga kyan jiki. Mai shago zai buɗe maka ita ka ga Windows 11 yana walƙiya, ka ce shi ke nan. A'a. Ana iya cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura da ƙarfi, akwai ƙananan manhajoji irin su Rufus da ke tsallake binciken. Ka ce, maigida, don Allah buɗe mini Propriétés in ga ƙwaƙwalwa. Ɗan kasuwa na gari ba zai ji haushi ba.

Ita wannan cusawar, ban ce haramun ce ba, kuma mai gyaran da ya yi maka ita bayan ya bayyana maka komai bai cuce ka ba. Na'ura mai zuriya ta shida ko ta bakwai takan ɗauka ta yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin waɗannan gyara ba. Ga shi kuma kowace shekara Windows 11 yana da sabuwar fitowa, kowace fitowa wata 24 ake kula da ita a na'urorin gida da na ƙananan ofisoshi, kuma wadda aka cusa wa ba ta saba hawa sabuwar fitowa da kanta ba, sai an sake komawa wurin mai gyara. Tsofaffi sosai, irin su Core 2 Duo, fitowar 24H2 ko tashi ba ta yi a kansu. Don kwamfutar koyon yara a gida, to. Don wadda ake aika kuɗin mutane da ita, ban yarda ba. Waɗancan Windows ɗin kuma da wasu ke rarrabawa wai an rage musu nauyi, ba a san wanda ya taɓa su ba, ba a san abin da ya cire ko ya dasa ba, sau da yawa ma ƙofar gyaran ce aka fara toshewa. A nisance su.

To mu ce an duba, na'ura ta cancanta. Idan Windows 10 ɗinka na halal ne, hawa 11 kyauta ne. Da yawa cikin kwamfutocin ofis na hannu lasisinsu yana dashe a jikinsu tun daga masana'anta, ba sai ka sayi wani ba. Amma sauri ya haifi nawa. Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu. A kwafe su a wani faifai na waje ko a kile USB, sannan a kai kilen wata kwamfutar a buɗe takarda biyu uku, a tabbata sun kwafu da gaske. Na'ura ana sayen wata. Rajistar makaranta ta shekara biyar, ko littafin bashin shago, babu kasuwar da ake sayar da su.

Sai a tambayi firinta da sikana. Akwai tsofaffin firintoci masu ƙarfin hali da ke ciyar da gidaje a garin nan, waɗanda ƴar manhajar da ke haɗa su da kwamfuta ba a sake yin ta ba tun zamanin Windows 7. Mai shago ya sauya Windows da dare, da safe layin masu fotokofi da buga takarda ya taru, firinta ta yi shiru, cinikin ranar ya tafi. Haka manhajar lissafi ko ta rajista da wata ƙungiya ko ma'aikata ta saka muku: a tambayi waɗanda suka kawo ta tukuna. Kuma a zaɓi lokaci. Ba a wannan aiki ana saura kwana biyu a miƙa jerin ƴan jarrabawa, ko a ƙarshen wata ana lissafin albashi.

Wuta da intanet su ne namu na gida. Windows 11 ya haura giga 5 wajen saukewa, ban da gyare-gyaren da za su biyo baya. Kowa ya san abin da giga ke ci a aljihu, ko a Airtel kake ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom. Dabara ita ce a sauke sau ɗaya daga shafin Microsoft kansa, a zuba a kile mai giga 8, makaranta ko ofis ko masu shago uku huɗu su yi amfani da shi tare. Idan da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Connexion limitée, don kar ta shanye maka kuɗi cikin dare. Wajen wuta kuwa, ɗaukewarta ana tsakiyar aiki na iya barin na'ura ba ta tsohon ba ta sabon. Kwamfutar hannu mai mataccen batir, da ta tebur da ba ta da akwatin batirin nan mai riƙe wuta, kar a fara sai an tanadi janareto ko wutar rana mai ƙarfi. A lokacin bazara a yi shi da sanyin safiya, bayan an busa ƙurar da hunturu ya tara a fanka, don aikin yana sa na'ura zafi.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma ina roƙon masu gyara su saurara. Windows 11 yakan nemi a shiga da asusun Microsoft lokacin saka shi, kuma a sababbin fitowa yakan kulle faifan ajiya da kansa don tsaro. Mabuɗin kullen lambobi 48 ne, ana ajiye shi a cikin wannan asusun. Idan mai gyara ya yi sauri ya saka asusunsa, ko ya ƙirƙiro wani ya manta kalmar sirrin, wata rana na'ura za ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobin nan. Babu su, babu takardu, ko wane gwani aka kai wa. Hajiya, Malam, asusun ya zama naku, da lambar wayarku. A rubuta lambobin 48 a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida.

Idan an hau kuma abin bai yi daɗi ba, akwai kwana 10 da za a iya komawa Windows 10 ta cikin saiti, muddin ba a share jakar da ake kira Windows.old ba. A cikin kwanakin nan a gwada komai: firinta, sauti, manhajar aiki.

Wanda na'urarsa ba ta cancanta ba kuma ba shi da halin sauyawa yanzu, Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna ESU, na ƙarin gyaran tsaro, wanda aka sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026 ga masu na'urorin gida. Sai Windows 10 ɗin ya kasance fitowar 22H2, ga amfanin winver ɗin da muka yi ɗazu. Ana shiga da dala 30, ko ba kuɗi idan mutum ya yarda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft. A leƙa Windows Update a ga ko tayin ya fito. Jinkiri ne aka ba da don a shirya, shugabannin ofisoshi su san da haka, su rubuta kwamfutocinsu ɗaya bayan ɗaya su saka a kasafin kuɗi. Wadda za a sallama kuma, a goge faifanta sarai ko a cire shi kafin ta fita ƙofa.

Mu dawo kan ta kusurwar shago, wadda ba ta hawa intanet. Ita za ta iya zamanta, shekaru ma. Abokin gabarta ba daga nesa yake zuwa ba, a aljihun abokin ciniki yake shigowa. Ɗalibi ya zo daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo hutu, ya miƙo kile a buga masa aikinsa. Ka soka, ka buɗe, sai ka ga jakunkunan duk sun fito da ƴar kibiya a gindinsu, abin da masu shago ke kira raccourci. Kar ka danna. Dannawar ce ke sakin cutar cikin na'urarka, daga nan duk kilen da ya shigo ya ɗauka ya kai gaba. Kar kuma ka yi gaggawar goge kilen yaron, galibi takardunsa suna nan, ɓoye su kawai aka yi, mai gyara zai fito da su. Na'urar da ke karɓar kilen kowa da kowa, kar a ajiye lissafin shago ko amanar mutane a cikinta. Idan kuma dole ne, a riƙa kwafewa duk mako.

Akwai hanya ta ƙarshe da nake so matasanmu su waiwaya, wato Linux. Shi ma babbar manhaja ce kamar Windows, amma kyauta, kuma ba ya tambayar zuriyar ƙwaƙwalwa irin yadda Windows 11 ke yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'insa, ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004, kuma jandarmomin Faransa sun shekara da shekaru suna aiki da wani reshensa a dubban kwamfutocinsu. Linux Mint kuwa fuskarsa ta yi kusa da Windows ɗin da muka saba. Yana zuwa da Faransanci, da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma cutar raccourci ba ta kama shi. Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan karkace, wasu firintocin sai an sha fama, manhajar da aka yi don Windows kaɗai ba za ta tashi kai tsaye ba, kuma masu gyaran da suka san shi ba su da yawa a nan kusa. Amma ga ɗakin kwamfuta na makaranta, ko tsohuwar na'urar da aikinta intanet da rubutu, ya fi zama a kan Windows 7 nesa ba kusa ba. Ana iya gwada shi daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba: a kunna ta kansa, a jarraba Wi-Fi da sauti da firinta, in bai yi ba a zare kilen, kwamfuta ta koma yadda take. Idan aka haɗa da sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, na'urar da ake shirin jefarwa takan ƙara shekaru tana aiki.

Lokacinmu ya cika. Masu tambaya su aiko mana da sunan ƙwaƙwalwar na'urarsu yadda yake a rubuce, da aikin da suke yi da ita, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.